Kundin gwajin RV-6A: filaf da gangarowar sauka

6 Afrilu 2024

Jirgin RV-6A ne, kujera biyu gefe da gefe, mai tayar hanci, zanen Richard VanGrunsven na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka. Tun da RV-7 ya gaje shi a 2001 aka daina sayar da sabon kayan haɗinsa, saboda haka wannan ragowar aikin wani magini ne aka sayo aka ƙarasa. Injinsa Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 160, farfela ta ƙarfe mara sauya kusurwa. Tsawon fiffike daga baki zuwa baki ƙafa 23, faɗin shimfiɗarsa murabba'in ƙafa 110, iyakar nauyi laba 1,650, wato kilo 748. Yana cikin zangon gwajin farko da FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ke wajabta wa duk jirgin da aka gina a gida, kuma tsarin gwajin da muke bi shi ne na takardarta AC 90-89. Filin da ake aikin ƙarami ne, tsayinsa daga teku kusan ƙafa 900, titinsa na kwalta ƙafa 3,200.

Abin da wannan sashe na kundin zai bi shi ne filaf, faifan da ke bayan fiffike daga jikin jirgi zuwa inda eleron, faifan da ke karkatar da jirgi dama ko hagu, ya fara. Na RV-6A irin na talaka ne: yana lanƙwasawa ƙasa a kan hinji kamar ƙofa, ba ya zamewa baya, ba ya buɗe rata don iska ta ratsa. Irin wannan filaf kaɗan yake ƙara wa fiffike ƙarfin ɗagawa, amma turjiyar iska yake kawowa da yawa, kuma muna son mu san yawan kowanne a wannan jirgin.

Yau awo kawai aka yi a ƙasa. Da ma'aunin kusurwa na dijital da katakon da aka yanke da siffar fiffike, filaf na dama ya nuna digiri 0 a ɗage, 39 a sauke. Na hagu ya nuna 2 a ɗage, 41 a sauke. Tunda bambancin digiri 2 ne daga sama har ƙasa, laifin tsawon sandar turi ne. Da a ce a ɗage sun yi daidai sai a sauke suka bambanta, da hannun bututun da ke juya su biyun za a duba, ko ramin ƙusar da ya ci. An gajarta sandar hagu. Zaren kan sandar mai boris 28 ne a inci ɗaya, don haka kowane cikakken juyi kusan inci 0.036 yake ci. Juyi uku da rabi ya daidaita su, yanzu 0 da 39 duka biyun.

Abu biyu da ba a wasa da su a wannan wurin. Kowane kan sanda dole fiye da rabin zarensa ya shige ciki, ta yadda ko notin kulle ya saki, sandar ta yi ta juyawa, za ta tsaya a wani gefen kafin ta fice daga ɗayan. In ta fice filaf ɗaya zai koma sama shi kaɗai a lokacin da jirgi ke ƙasa-ƙasa yana tafiya a hankali, kuma wannan mirginawa ce da eleron zai sha wuya kafin ya tare. Na biyu, kada filaf ya wuce 40. In ya wuce, ko wani ya taka shi wajen hawa, gaban fatarsa yana iya fitowa daga ƙarƙashin fatar fiffike ta sama, sai in an zo ɗagawa ya cije ya lanƙwasa ta. An liƙa tef mai santsi a inda suke gogar juna, an ɗaure kan sandar ƙaramin injin lantarkin da ke tuƙa filaf da wayar kulle, an kuma zana layuka a kan filaf na hagu a 10, 20, 30 da 40 inda matuƙi zai gani ta gilashi. Daga sama zuwa ƙasa injin yana ɗaukar daƙiƙa 8.

13 Afrilu 2024

Duk lambar da za a rubuta nan gaba daga agogon gudu za ta fito, saboda haka shi aka fara tuhuma. An zuƙe layin sitatik, bututun da ke kawo wa agogon gudu da na tsayi matsin iskar waje, har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da fili, aka toshe, aka jira minti ɗaya. Ƙa'ida ita ce kada ya zubar da fiye da ƙafa 100. Ya zubar da 260. Yoyon yana wani mahaɗin roba a bayan allon agogo wanda bakinsa ya tsage. Bayan sauyawa ƙafa 20 ya zubar. Yoyon sitatik a cikin ɗakin matuƙi yakan sa agogo ya nuna gudu fiye da gaskiya, domin matsin iska a ciki ya yi ƙasa da na waje, kuma kuskure ne mai haɗari ga mai sauka.

A sama an yi awon GPS ta fuska uku a kowane gudu, aka fitar da iska daga lissafi, aka mayar da sakamakon ma'aunin bakin teku. A mil 90 a sa'a agogon ya yi daidai. A 80 yana ragin mil 1, a 70 yana ragin 2, a 65 yana ragin 3. Da filaf 40 ragin ya ƙaru da kusan mil 1 a ƙasa da 65. Dalilin sananne ne: idan hanci ya ɗagu iska ba ta shiga bakin pito, bututun da ke fuskantar gaba yana auna gudu, kai tsaye. Daga nan, duk inda aka ce “a agogo” abin da allura ta nuna ne, inda aka ce “na gaskiya” bayan gyara ne.

27 Afrilu 2024

Gwajin sitol, wato gudun da iska ke ɓallewa daga saman fiffike ɗagawa ta yanke. An yi shi a ƙafa 6,000 sama da ƙasa, totur a silo (inji a mafi ƙarancin juyinsa), ana rage gudu mil 1 a kowace daƙiƙa, ƙwallon daidaito, mai nuna ko jirgi yana zamewa gefe, a tsakiya. In aka fizgi sandar tuƙi da sauri lambar da za a samu ƙarya ce. An mayar da dukkan lambobin kan nauyin laba 1,500, cibiyar nauyi a inci 71.5 (iyakar jirgin daga 68.7 zuwa 76.8 ce).

Filaf a ɗage ya yanke a 58 a agogo, 61 na gaskiya. Filaf 20 ya yanke a 54, na gaskiya 58. Filaf 40 ya yanke a 52, na gaskiya 56. Wato digiri 20 na farko sun sayo mil 3, digiri 20 na biyu sun sayo mil 2, jimla mil 5 ke nan. Wanda ya dubi agogo kawai zai ce 6 ne, amma mil ɗaya a ciki kuskuren bututu ne.

Wannan ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a sashen nan, domin tana rushe wani tunani da mutane da yawa ke zuwa da shi daga jiragen koyo masu filaf mai zamewa baya, cewa da an sauke filaf duka sai a rage gudu sosai. A nan babu wannan rarar. Don fitar da gudun gangarowa, ninka 56 da 1.3 ya ba da 73 na gaskiya, kusan 70 a agogo. A cikakken nauyi na laba 1,650 gudun sitol yana ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100, ya zama 59, gudun gangarowa ya zama 77 na gaskiya, 75 a agogo. Kamfani ya rubuta gudun sitol mil 55 a cikakken nauyi. Namu ya fi haka da mil 4, kuma namu za a rubuta a allon agogo. Jiragen gida biyu daga zane ɗaya ba sa taɓa fitowa iri ɗaya, kaurin fenti a gaban fiffike, rata a mahaɗin tanki da yadda aka lanƙwasa fata duk suna da nasu rabon.

Gargaɗin da jirgin ke bayarwa kaɗan ne, 'yar girgiza mil 2 zuwa 3 kafin ya yanke. Da filaf 40 fiffiken hagu yana faɗuwa kamar digiri 15, a ɗage kuwa hanci ne kawai ke sauka. Sakin sanda gaba kaɗan ya isa ya farfaɗo da shi, asarar tsayi ƙafa 150 zuwa 200.

4 Mayu 2024

Gwajin gangara da totur a silo. Ana kama gudu ɗaya, a ƙidaya daƙiƙun da ake ɗauka wajen sauka ƙafa 1,000, da zafin kafireto, mai hana ƙanƙara toshe mashigar iskar inji, a kunne, ana ɗan taɓa totur tsakanin gwaji da gwaji don kada inji ya huce. Da sassafe aka yi, kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara tasowa.

A mil 80 na gaskiya: filaf a ɗage ƙafa 800 a minti, kusurwar gangara digiri 6.5. Filaf 20, ƙafa 920, digiri 7.5. Filaf 40, ƙafa 1,150, digiri 9.4. Rabin farko ya ƙara digiri 1 kawai, rabin biyu ya ƙara kusan 2. In aka haɗa da lambobin sitol sai hoton ya fito fili: daga 0 zuwa 20 ɗagawa ake saye da 'yar turjiya, daga 20 zuwa 40 birki ake takawa. A aikace, daga tsayin ƙafa 500 ba iska, jirgin zai kai ƙafa 4,400 gaba da filaf a ɗage, ƙafa 3,000 da filaf 40. Wannan tazarar ƙafa 1,400 ita ce abin da makunnin filaf ke riƙe da shi a hannun matuƙi.

Sai aka rage gudu da filaf 40. A 70, ƙafa 1,100 a minti, digiri 10.3. A 65, ƙafa 1,180, kusan digiri 12. A lura: gudu ya ragu amma faɗuwa ta ƙaru. Fiffiken nan gajere ne mai faɗi, in ka raba murabba'in tsawonsa da shimfiɗarsa 4.8 za ka samu, kuma irin wannan fiffike turjiyar da ɗagawa ke haifarwa tana hauhawa da sauri idan gudu ya yi ƙasa. Daga wajen 70 zuwa ƙasa, jan sanda baya ba ya miƙar da gangara, ƙara ta yake yi. Matuƙin da ya ga zai gaza kaiwa bakin titi ya ɗaga hanci a 65 ya ƙara wa kansa faɗuwa, kuma idan ya zo karya gangarar, wato ɗaga hanci dab da taɓa ƙasa, a ƙafa 15 ba shi da sauran gudun da zai biya. Mil 9 ne kacal tsakaninsa da sitol, kuma jan da zai yi don tsayar da ƙafa 1,180 a minti zai cinye su. Maganinsa totur ne, ba sanda ba.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai irin wannan jirgi ya yi sau ɗaya. Fitilun gefen titi a manyan filaye galibi gangarar digiri 3 suke nunawa. A mil 75 a ƙasa wannan kusan ƙafa 350 ne a minti. Jirgin da filaf 40 da kansa ƙafa 1,120 yake so ya faɗa, don haka inji ne zai riƙe bambancin ƙafa 770. Ninka da laba 1,500 ka raba da 33,000, ƙarfin doki 35 ke nan da farfela za ta riƙa bayarwa har bakin titi. A tsayin ƙafa 300 a kan wannan layi jirgin yana nesa da wurin sauka da ƙafa 5,700. In inji ya mutu a nan, da filaf 40 ƙafa 1,800 zai iya, ko an ɗage filaf duka kusan 2,600 ne kawai. Ba zai kai ba ko ta yaya. Saboda haka a tsarinmu ba a jan wannan jirgin a doguwar gangara mai kwanciya da filaf 40. Ana zagaye kusa da titi, a sa 20 a gefen zagaye, a riƙe 40 sai an tabbata za a kai ba da taimakon inji ba.

Iyakar gudun filaf kamar yadda kamfani ya bayar: mil 110 har zuwa digiri 20, mil 100 ga abin da ya haura. Da farfela mara sauya kusurwa jirgin ba ya son rage gudu, don haka dole a janye totur tun kafin a shiga zagaye, a riƙe tsayi har allura ta sauko 110.

11 Mayu 2024

Filaf ya ƙi sauka a zagaye, fis bai ƙone ba, makunni lafiya. An sauka da shi a ɗage a mil 80 a agogo. Hanci yana sama har ya rufe rabin titi, kuma jirgin ya yi yawo a saman kwalta kusan ƙafa 1,000 kafin ya zauna. Zamiyar gefe, wato karkatar da jirgi ya riƙa gangarowa a kaikaice, ita ce ta maye gurbin filaf wajen zubar da tsayi, kuma tana aiki sosai. Da aka kwance ƙaramin injin lantarkin sai aka tarar giris ya gangaro daga giya ya shafe gawayinsa. An wanke, an rage giris, ya koma aiki. An ƙara sauka ba filaf cikin jerin abubuwan da za a riƙa maimaitawa, kuma a titin da bai kai ƙafa 2,500 ba, in hakan ta faru, wani fili za a nufa.

18 Mayu 2024

Yawon saman titi ya ci gaba da yin tsawo ko da filaf 40, fiye da yadda lissafi ya nuna. An duba silo a ƙasa da inji mai zafi: juyi 860 a minti. Ya yi yawa. A wannan juyin farfela tana ci gaba da turi a lokacin da ake son ta zama birki. An saukar da shi 680 ta ƙusar silo a kafireto, aka daidaita ƙusar cakuda mai har ya zama in an ja jan maɓalli don kashewa juyi yana ɗan tashi da kamar 30 kafin inji ya mutu. Kada a yi ƙasa da haka da yawa, farfela tana buƙatar ta ci gaba da juyawa a gudun sauka. Bayan gyaran za a sake wani ɓangare na gwajin 4 ga Mayu, domin kusurwowin za su ɗan ƙaru.

Ragowar yawon kuwa gudu ne ke kawo shi, kuma ana iya lissafa shi. Jirgin yana taɓa ƙasa a wajen 60. Wanda ya iso bakin titi a 72 yana da ƙarfin da ya yi daidai da tsayin ƙafa 53 da zai zubar. Wanda ya iso a 80 yana da na ƙafa 94. Kusa da ƙasa turjiya tana raguwa, jirgin yana tafiya kamar ƙafa 7.5 ga kowace ƙafa ɗaya da filaf 40, kamar 10 da filaf 20. Wato a 72 yawon ƙafa 400 ne ko 530, a 80 kuwa ƙafa 700 ne ko 940. Alamun da aka sa a gefen titi kowace ƙafa 100 sun nuna abin da bai yi nisa da haka ba. Mil 8 na ƙari sun fi bambancin da ke tsakanin filaf 20 da 40 tsada.

A nan ne haɗarin jiragen wannan dangi masu tayar hanci yake. Filaf 40 yana sa jirgin ya gangaro da hanci ƙasa-ƙasa, abin da ke da daɗi wajen ganin titi. Amma in an iso da gudu, matuƙi ya gaji da yawo ya tura sanda don ya zaunar da shi, tayar hanci ce za ta fara taɓawa. Ƙafarta siririyar sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa, ba a yi ta don ɗaukar saukar jirgi ba. Tana lanƙwasawa ta mayar da hanci sama, jirgin ya sake tashi, ya dawo da hanci a ƙasa, kowane tsalle ya fi na baya. A fili mai laushi bakin cokalin tayar yana iya caka ƙasa jirgin ya kife. A 2007 kamfanin ya fitar da sanarwar gyara da ta nemi a sa sabon cokali mai ɗaga notin gindinsa nesa da ƙasa. An tabbatar wannan jirgin sabon ne a jikinsa, an kuma auna taurin juyawar cokalin da sikelin ja. Ƙa'idar da aka rubuta: tayoyin baya su fara taɓawa, sanda ta ci gaba da zuwa baya har hanci ya sauka da kansa, in an yi tsalle na biyu a fasa saukar.

1 Yuni 2024

Fasa sauka, da farko a ƙafa 4,000 kafin a kawo shi kusa da ƙasa. An daidaita tirim, abin da ke rage nauyin sanda a hannu, don 72 da filaf 40, wanda ke cin kusan duk tirim ɗin ɗaga hanci, domin sauke filaf a wannan jirgin yana dunƙufar da hanci. Da aka tura totur duka hanci ya yunƙura sama da ƙarfi, sai an tura sanda gaba da hannu mai nauyi, da ƙafar dama sosai. In aka bar shi, cikin daƙiƙu kaɗan allura za ta sauko ƙasa da 65.

Yana hawa da filaf 40, kusan ƙafa 750 a minti a mil 75. Da 20 ya kai 1,050, a ɗage 1,250 a mil 90. Wato babu gaggawar ɗage filaf don tsoron ƙin hawa, a wannan nauyin dai. Gaggawar ta wani gefen ce: in aka kwantar da hanci jirgin yana wuce mil 100 nan da nan, ya keta iyakar filaf. Jerin da aka tsayar shi ne totur duka, zafin kafireto a kashe, riƙe hanci a 75 zuwa 80, filaf zuwa 20 (daƙiƙa 4 a makunni), tirim, sai a ƙafa 200 da mil 85 a ɗage sauran. Ɗagewa daga 40 zuwa 20 kusan ba ta sa jirgin ya nutse, amma daga 20 zuwa 0 a mil 70 ta ci ƙafa 30 zuwa 40, abin da lambobin sitol suka riga suka faɗa. Makunnin da ke jirgin irin mai komawa tsakiya ne in an sake shi, kuma mun bar shi haka. Irin wanda ke maƙalewa a sama yana ɗage filaf duka da taɓawa ɗaya, kuma a ƙafa 10 ba abin da ake so ke nan ba.

8 Yuni 2024

Iskar gefe daga dama, mil 12 tana fizga zuwa 18, kusan digiri 70 da titi. An ƙara rabin fizgar, mil 3, a kan gudun gangarowa. Da filaf 40 ana iya sauka, amma totur ba ya hutawa: duk lokacin da fizga ta saki, faɗuwa tana zuwa da sauri saboda turjiyar da ke akwai, kuma jirgin yana daɗewa a gudun da eleron ba shi da ƙarfi. Da filaf 20 a mil 78 a agogo ya fi zama a hannu, fizga ba ta jefa shi sosai, kuma hanci yana sama kaɗan wajen taɓawa, abin da ke kare tayar gaba. Kuɗin da aka biya ƙafa 300 ne na ƙarin titi. A titin ƙafa 3,200 wannan ciniki ne mai kyau. An rubuta filaf 20 ga iskar gefe da ta haura mil 10 ko fizgar da ta haura mil 8.

Zamiyar gefe da filaf 40 ba ta nuna wata matsala ba, wutsiya ba ta girgiza, hanci bai faɗi ba. Sai dai agogon gudu yana rawa da mil 3 zuwa 4 a cikinta duk da ramukan sitatik biyu ne a haɗe, saboda haka matsayin hanci ake riƙewa, a daina bin allura. Faɗuwa ta haura ƙafa 1,500 a minti, don haka a fita daga zamiyar kafin ƙafa 150.

22 Yuni 2024

An ɗaure buhunan yashi a kujerar dama da wurin kaya da igiyoyin ɗaure kaya, nauyi laba 1,640, cibiya a inci 76.0. A tuna tankunan mai suna gaban fiffike, don haka yayin da mai ke ƙonewa cibiya baya take ja. Lissafin da ya dace shi ne na lokacin sauka, ba na tashi ba. Sitol da filaf 40 ya zo a 55 a agogo, 58 zuwa 59 na gaskiya, daidai da hasashe. Abin da ya sauya sosai shi ne sanda. A cibiyar gaba sai an ja da gaske wajen karya gangara. A nan da yatsu biyu ake yi, kuma jan da aka saba da shi yana sa jirgin ya kumbura sama ƙafa 10 da gudu yana zubewa. Tirim ɗin da filaf 40 ke buƙata ya ragu da kusan rabi. An riƙe ɗan totur, juyi 1,200, har tayoyi suka kusa taɓawa, ya kuma taimaka.

Zafi ya kai digiri 33 a ma'aunin Selsiyos, wanda ya sa filin mai ƙafa 900 ya zama kamar na ƙafa 3,300 ga fiffike da inji. Lambar agogo ba ta sauyawa, 75 ɗin dai ce, amma gudun gaske a ƙasa ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, tsawon titin da taya ke ci bayan taɓawa ya ƙaru da kamar kashi 10. Hawa da filaf 40 bayan fasa sauka ya faɗi zuwa ƙafa 480 a minti, don haka a wannan nauyin da wannan zafin ɗagewa zuwa 20 ba abin jinkiri ba ce. Jirgin koyo na Air Beetle da kamfanin AIEP ya harhaɗa a Kaduna wa Rundunar Sojan Saman Nijeriya daga wannan zanen na RV-6A aka samo shi, kuma lissafin can ya fi tsanani: fili mai tsayin kusan ƙafa 2,000 a zafin digiri 38 na watan Afrilu yana zama kamar ƙafa 5,200, gudun gaske ya ƙaru da kashi 8, tsawon titin da taya ke ci da kusan kashi 17.

An liƙa takardar wucin gadi a allon agogo: mutum ɗaya, filaf 40, mil 70 zuwa 72; cikakken nauyi, 75; filaf 20, ƙara mil 3; ba filaf, 80; kada a sauko ƙasa da 68 sai ana kan karya gangara. Filaf 30 ba a auna shi ba tukuna, kuma ana zaton a nan ne za a sami yawancin birkin 40 ba tare da nauyin tirim ɗinsa ba. Shi ne gwaji na gaba, tare da maimaita awon gangara da sabon silo. Saukar ciyawa za ta jira sai an yanke ta kuma ƙasa ta bushe, an kuma ƙara ratar da ke tsakanin tayar hanci da murfinta, wadda a yanzu inci 0.4 ce a baya, ta yi kaɗan ga tayar da ke baje wa idan ta ɗauki nauyi.